Shawara: Baba ya shiga kareti da tsufansa, ga kuma tulin magungunan ƙarfin jiki

Assalamu alaikum Anti. Shawara nake nema a kan mahaifinmu. Shekarunsa 68, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yana da hawan jini da ciwon suga, shekara 9 ke nan yana kan magani. Da ƙuruciyarsa ya taɓa dambe a ƙauyensu kafin ya shigo birni. A hunturun bara santsi ya kwashe shi a banɗaki. Allah ya tsare bai karye ba, amma tun daga nan ya zama kamar ba shi ba, daga ɗaki sai masallacin ƙofar gida, ko kasuwa ya daina leƙawa. Wata 4 da suka wuce sai ya fara bin ɗana mai shekara 12 wurin da suke koyon kareti da safe, wai rakiya. Daga rakiya sai ga Baba cikin layin yara yana kai naushi da shuri. Yanzu har cewa yake a haɗa shi da wani saurayi su gwada.

Innarmu ta ce ya zubar mana da mutunci, 'yan unguwa na yi da mu. Yayanmu da ke Abuja kuwa daɗi ya ji, ya aiko masa da kwali guda: garin furotin, wani gari wai shi kiriyatin, bitamin D da ƙwayoyin gwiwa. Ban da waɗannan, Baba na sayen wani haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda, da wani ruwan magani a gora marar takarda wurin masu yawo da lasifika. Ya ce tun da ya fara sha gwiwarsa ta daina ciwo. Gaskiya ya yi ƙiba, fuskarsa ta ciko, yana cin abinci sosai, sai dai kwanan nan sugansa ya ƙi sauka. Da na ce ya bar karetin nan sai ya ce min, "Ke mi kis sani? Na ka da maza tun uwarki ba ta san ni ba."

Ni tsorona kada ya faɗi ya karye, ko zuciyarsa ta buga. Magungunan ban damu da su ba tunda na ƙarin lafiya ne. Yaya zan raba shi da wannan wasa ba tare da na saɓa masa ba?

Wata 'yar'uwa daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ke kuma ya ba ki ladan kula da shi. Tsoron da kike ji tsoron ɗiya ne ga ubanta, ba wanda zai ga laifinki. Sai dai ki yi haƙuri da ni, don amsata za ta saɓa wa abin da kika zo nema. Kin tambayi yadda za ki raba shi da kareti, ni kuwa abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙullin ledar nan da gorar da kika ambata a gurguje kika wuce. Da za a ce yau in karɓe abu ɗaya daga hannun Baba, su zan karɓe, in bar masa filinsa.

Sake duba abin da kika rubuta da hannunki: gwiwa ta daina ciwo, fuska ta ciko, ci ya buɗe, suga ya ƙi sauka. Idan waɗannan huɗun suka taru a jikin mai shan haɗin ƙwayoyi, abin da ma'aikacin lafiya zai fara zargi shi ne akwai sitiroyid a ciki, irin su deksametazon ko firedinisolon. Dangin abin nan ne da masu neman ƙiba ke kira sha-ka-fashe. Yana kwantar da ciwon gaɓɓai cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa masu haɗi ke son sa, mai saye ya dawo yana sa musu albarka. Amma cikar fuskar nan ruwa ne da kitse. Maganin yana ɗaga suga, yana ɗaga jini, yana rarake ƙashi a hankali kamar gara a jikin katako, yana kuma zaizaye tsokar cinya, wadda ita ce ke tayar da tsoho daga kan tabarma. Karayar da kike gudar masa a filin kareti ke nan, ƙullin nan ne ke share mata hanya.

Abokan tafiyarsa a irin wannan ƙulli galibi masu kashe ciwo ne, su daikulofinak da firoksikam da ibufurofen, wani lokaci biyu ko uku a haɗe. Ga saurayi mai ciwon haƙori na kwana 2, da sauƙi. Ga mai shekara 68 da hawan jini da suga, yana sha kullum wata da watanni, hanya ce ta gyambon ciki mai zubar da jini da lalacewar ƙoda, kuma suna rage wa maganin hawan jininsa ƙarfi. Ita kuwa gora marar takarda, shi kansa mai lasifikar ba lallai ne ya iya lissafa miki abin da ke cikinta ba. An sha gwada irin waɗannan magungunan "ƙarfin jiki" a ƙasashe da dama a tarar an cusa musu maganin asibiti a ɓoye, har da sildenafil na ƙarfin maza, wanda idan ya gamu da wasu magungunan zuciya yake faɗar da jini ƙasa farat ɗaya. Ko wanda ke da lambar NAFDAC a cikin na gargajiya, lambar rajista ce, ba shaidar cewa yana warkar da cututtuka 20 da aka jera a jikinsa ba. To ina ga wanda ko suna ba shi da shi?

Amma ki riƙe wannan da kyau: kada ki tashi yau ki kwashe ƙullin ki watsa a masai. Jikin da ya yi makonni yana samun sitiroyid daga waje yakan yi sanyi wajen haɗa nasa, idan aka yanke masa kwatsam mutum na iya galabaita, jininsa ya faɗi, a kwashe shi ranga-ranga. Likita ne ke janye shi sannu-sannu. Abin da ba ya jiran gobe shi ne idan bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko fitsari ya ragu. In an ga ɗaya daga cikinsu, a nufi asibiti nan take. Na san ba tambayar da ɗiya za ta yi wa uba ba ce wannan. Inna za ki sa, ita ta san yadda za ta gano.

Saboda haka aikin makon nan ɗaya ne. Ki samo jaka ki zuba komai a ciki, maganin asibiti, kwalin Yaya, ƙullin leda, har da gorar, ku tafi inda katinsa yake, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ko Asibitin Ƙwararru, ko wani. Ku zazzage wa likita a kan tebur, kada kunya ta sa a bar ƙullin a gida, don shi ne maƙasudin zuwan. Ki roƙa a auna jini, a yi gwajin sugan nan mai nuna matsakaicin wata 3, a duba ƙoda, a yi gwajin zuciya na isiji, a leƙa bayan idonsa, a kuma gwada ko tafin ƙafarsa na jin taɓi yadda ya kamata. Sannan ki faɗa wa likitan a fili irin motsa jikin da Baba ke yi, ki tambaye shi me zai ci gaba da shi, me zai ajiye.

Akwai tambaya ɗaya da nake so kada ta wuce ki. Idan metfomin ne maganin sugansa, kamar mafi yawan masu ciwon, shan sa shekara da shekaru na iya rage bitamin B12 a jiki. Ƙarancinsa na kawo mutuwar tafin ƙafa, jin kamar ana soka allura, da tangaɗi wajen tafiya. Mutumin da ya yi shekara 9 yana kan magani kuma ya taɓa faɗuwa ya cancanci a duba masa wannan. Abin dariya, wataƙila bitamin ɗin da Baba ya fi buƙata shi ne wanda babu a kwalin.

Mu buɗe kwalin Yaya ɗin. Ba guba ya aiko ba, kuma kada ki bari ya ji kamar an ce haka. Garin furotin yawanci daga ruwan madara ake tace shi, abinci ne da aka busar aka tsawwala masa kuɗi. Yana da amfani ga tsohon da ba ya iya cin abin kirki, amma a duba jikin gwangwanin, wasu cike suke da sukari. Kiriyatin kuwa yana cikin 'yan kaɗan da bincike ya tabbatar suna ɗan ƙara wa tsofaffi tsoka da ƙarfi, gram 3 zuwa 5 a rana, da sharaɗin mutum na aikin da ke wahalar da tsoka. Wanda ke kwance ba abin da zai tsinana masa. Sai dai yana ɗaga lambar da ake dubawa a gwajin ƙoda, don haka dole likita ya san ana shan sa, kuma a wurin Baba ba zan yarda a buɗe murfinsa ba sai sakamakon ƙodar ya fito da kyau. Bitamin D na gyara wanda ke da ƙarancinsa, amma a wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum kusan 26,000, waɗanda aka ba shi kullum na shekaru ba su fi sauran tsira daga karaya ba. Namijin da ke fita ranar Sakkwato kowace safiya ba shi ne na farko a layin masu ƙarancinsa ba. In ma akwai mai buƙatar a duba a gidanku, Inna ce, da ke wuni a ɗaki, in ta fita kuma a lulluɓe. Ƙwayoyin gwiwa, in gulukosamin ne da kondiroitin kamar yadda na zata, an gwada su a kan mutum 1,583 masu ciwon gwiwa, sakamakon da ya fito a 2006 ya nuna a dunƙule ba su yi wa ƙwayar bogi, wadda ba magani a cikinta, wani fintinkau ba. Wasu na cewa suna jin sauƙi. In likita bai hana ba ya sha wata 3, in bai ga canji ba a huta da ɓarnar kuɗi.

Abin da tsokar tsoho ke nema yana nan a Kasuwar Daji. Masana abincin tsofaffi na ba da shawarar gram 1 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, in ƙodarsa lafiya lau take. In Baba kilo 65 ne, ana maganar gram 65 zuwa 78 ke nan. Ƙwai ɗaya na da kusan gram 6, kofin nono kusan 8, kofin dafaffen wake 13 zuwa 15, nama ko kifi mai girman tafin hannu sama da 20. Lissafa ki gani: ƙwai 2 da kofin nono da safe, wake da rana, kifi ko tsoka ɗaya mai kyau da dare, ga awara ko ƙuli-ƙuli a tsakani, an kusa kai wa ba a taɓa gwangwani ba. Inda ake kuskure a gidajenmu shi ne koko da safe, fura da rana, tuwo da dare, naman kuma ɗan yanki a cikin miya wanda tsohon zai ciro ya miƙa wa jika. A rarraba abin gina jikin a kowane ci. Furarsa ta zama nono ya rinjayi gero, ba sukari, tunda gero ma na ɗaga suga in ya yi yawa. Kilishi da balangu a yi hattara, gishirinsu da dunƙulensu ba abokan mai hawan jini ba ne. In kuma gwaji ya nuna ƙoda ta taɓu, duk wannan lissafin ya rushe, sai abin da likita ya tsara.

Yanzu ga maganar filin. Ki ɗan tsaya a inda Baba ya tsaya a hunturun bara. Mutum ne da ya taɓa naɗe hannu da kara, aka yi masa kiɗa, ya ka da maza a gaban jama'a. Rana ɗaya sai ga shi kwance a ƙasan banɗaki, wataƙila sai da aka kama shi aka tayar. Ƙashi bai karye ba, amma wani abu ya karye a zuci. Kullen da ya yi wa kansa bayan nan shi ne haɗarin da ba wanda ya rubuto min a kai, saboda ba ya tayar da ƙura. Tsoka na raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10 tun daga shekara 30, bayan 60 abin ya ƙara gudu, zama kuma na ingiza shi. Tsohon da ya ji tsoron faɗuwa ya daina motsi, ƙafarsa za ta ƙara rauni, faɗuwa ta biyu ta fi ta farko kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama na faɗuwa a kowace shekara. Abin da ta shawarce su da shi kuma motsi ne: minti 150 zuwa 300 a mako na abin da ke ɗan sa haki, aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3. Baba bai karanta wannan ba, amma ƙafarsa ta kai shi inda ake yin kusan duka.

Wasannin faɗa na da wani abu da tafiya kaɗai ba ta bayarwa. Ana tsayawa a ƙafa ɗaya, a mayar da nauyi daga wannan zuwa waccan, a ja da baya, a juya, a ɗan durƙusa a tashi. Waɗannan su ne ainihin abin da ke ceton mutum idan santsi ya ɗebe shi. Wanda aka fi gwadawa a kan tsofaffi shi ne taici na ƙasar Sin, wanda ake yi a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa. A jihar Oregon ta Amurka an raba tsofaffi 670 masu shekara 70 zuwa sama, waɗanda ke cikin haɗarin faɗuwa, gida uku. Bayan mako 24 ana yi sau 2 a mako, awa ɗaya kowane zama, masu taici sun fi masu miƙe jijiyoyi kawai ƙarancin faɗuwa da kashi 58 cikin 100. A 2018 aka fitar da sakamakon. Ba ina cewa ku shiga gari neman malamin taici ba ne. Abin lura shi ne babu duka a cikinsa ko ɗaya, tsayuwa ce da taku da numfashi. Kuma kareti ma na da wannan ɓangaren, jerin takun nan da ake yi mutum shi kaɗai ba abokin karawa.

Don haka ga inda zan ja layi, kuma a nan ina tare da ke ɗari bisa ɗari: ba karawa. Ba saurayi, ba tsoho ɗan'uwansa, ba "a hankali za mu yi". Duka ɗaya a kai na iya sa jini ya taru a ƙoƙon kan tsoho, wani lokaci alamar ba za ta fito ba sai bayan makonni, balle in yana shan asfirin. Mai suga kuma jijiyoyin bayan idonsa na iya kasancewa da rauni. Haka tsalle, da shurin da ya wuce ƙugu, da juyi da sauri a kan gwiwa mai ciwo, da riƙe numfashi ana yunƙuri, wanda ke harba jini sama. Abin da ya rage masa kuwa da yawa: tsayuwa iri-iri, taku gaba da baya, naushin iska, dukan matashin da malami ke riƙewa ba da dukkan ƙarfi ba, shuri ƙasa-ƙasa yana dafe da bango, tashi da zama daga kujera. Ma'auninsa mai sauƙi ne, ya yi haki amma ya iya magana. Ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya ba tsari, ko numfashi ya gagara, a tsaya nan take a nufi asibiti. In an auna jini da safe aka ga ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa, ranar ba fili, likita za a nema.

Wasu ƙananan abubuwa da malamin yaran ba lallai ya sani ba, don bai saba da mai suga ba. Kareti ba takalmi ake yin sa, Baba kuwa dole ya sa kambas da safa. Ƙafar mai suga na iya taka ƙaya ko ƙasa mai zafi bai ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Kada ya fita da cikin wofi, musamman in yana shan maganin suga na Daonil ko yana allurar insulin, kuma dabino 3 su zauna a aljihunsa saboda in ya ji rawar jiki da zufa mai sanyi. Lokaci kuma bayan asuba ne, a gama kafin rana ta ɗaga. Kin fi ni sanin Afrilu da Mayun Sakkwato, da zafi ke haura digiri 40, ga shi wasu magungunan hawan jini na sa yawan fitsari. Gorar ruwa dai, ba lemon ƙarin kuzari na gwangwani ba. Da azumi a sassauta ƙwarai, a mayar da shi bayan buɗa-baki. Ki sa mijinki ko Yaya ya sami malamin nan a gefe cikin girmamawa ya faɗa masa duk wannan. Yaro ne, dattijo ya shigo ajinsa, kunya ba za ta bar shi ya ce wa Baba "a'a" ba sai ya san iyali na bayansa. In da hali, ku karɓi takarda daga sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa mai nuna abin da gwiwar za ta iya ɗauka, a miƙa masa.

Kuma kada a manta inda abin ya fara. Banɗakin nan a sa masa shimfiɗar roba mai hana santsi, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa fitila, a ajiye 'yar kujerar alwala, silifas ɗin da gindinsa ya side a jefar. Kuɗin bai kai na gwangwani ɗaya a kwalin Yaya ba.

Inna kuwa, kada ki ɗauki maganarta a kan fatar baki. "Ya zubar mana da mutunci" na iya zama hanyar da ta iya faɗin "ina tsoron in rasa shi", ko "in ya karye ni zan yi jinya". Ita ta ga abin da ya faru a banɗaki, ita ta zauna da shi watannin da ya yi shiru. Ki tambaye ta tsakani da Allah, wane mijin ta fi so, na bara mai kallon bango ko na bana mai dawowa da zufa yana neman abin kari? Maganar 'yan unguwa kuma ba ta wuce kwana 40, gobe wani zai ba su abin yi. In abin da ke damunta shi ne ganin dattijo cikin layin yara, wannan mai gyaruwa ne: ya riƙa tsayawa gefe da nasa tsarin, ko ya jawo aminansa biyu ko uku na majalisa su zama ajin manya, ko malamin ya riƙa zuwa gida sau 2 a mako a yi a zaure. In kuma ta fuskar addini take jin nauyi, ki tuna mata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma an ruwaito ya yi kokawa da Rukana ya ka da shi. Sunkuyon gaisuwar da ake yi a farkon aji, wanda wasu malamai ke ƙyama, ana iya roƙon a ɗauke masa, sallama ta wadatar.

Shi Yaya, nesa ce ke cin sa. Wanda ba ya nan yakan zuba ƙaunarsa a kwali ya ba direba. Ki gode masa tukuna, sannan ki ce likita ya ce a dakata sai an ga gwaji, kuma in yana son ladan ya ci gaba, ga kuɗin gwaje-gwaje, ga na'urar awon jini ta gida, ga kiret ɗin ƙwai da nono duk mako, ga gyaran banɗaki. Da wuya ya ƙi. Shi ma ɗin ki sa shi ya kira Baba a kan maganar ƙulli, don ya nuna tun farko yana goyon bayan filin, Baba ba zai ji kamar an haɗa masa kai ba.

Saura ke da Baba. Kin riga kin ji amsar da "ka bari" ke jawowa, kada ki sake gwada ta. Da ya ce ya ka da maza, roƙo yake a tuna ko shi wane ne. To ki tuna masa. Ki zauna ki ce ya ba ki labarin damben, wa ya kashe a fage, wane hannu ne mashinsa, wane ne garkuwa. Idan hira ta yi daɗi sai ki ce, "Baba, ni so nake ka daɗe kana zuwa filin nan, shi ya sa nake so likita ya duba ƙullin nan, an ce irinsa na cinye ƙashi da ƙarfin cinya." Ɗan dambe zai saurari maganar abin da ke rage masa ƙarfi fiye da maganar abin da zai kashe shi. In ya cije, ki bi ta wurin amininsa ko ƙanwarsa, wanda zai iya ce masa "kai wane" ba a ga rashin kunya ba. Kuma kina da makamin da ba ki lura da shi ba, ɗanki. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, yaron zai iya cewa "tsoho, ba kambas ba fili" a yi dariya, kuma a sa kambas ɗin.

Zai yiwu likita ya duba ya ce zuciya ko ido ba za su ɗauki karetin ba ko an sassauta. In haka ta faru kada a mayar da shi ɗaki. Ya ci gaba da raka jikansa, da ƙafa in wurin ba nisa, ya yi nasa atisayen a kujera da jikin bango, ya riƙa zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, malamin kuma ya ba shi minti 10 ya nuna wa yara yadda ɗan dambe ke kafa ƙafa da kare fuska. Don ya ga ci gabansa da idonsa, ki gwada shi yau: kujera marar hannu a jingine da bango, ya rungume hannuwa a ƙirji, ki ƙirga sau nawa zai tashi tsaye ya zauna cikin daƙiƙa 30. Ga namiji mai shekara 65 zuwa 69, ƙasa da 12 alama ce ta raunin ƙafa. Ki rubuta lambar a bayan kalanda, a sake bayan wata ɗaya, a bar shi ya yi gasa da kansa.

Ki rubuto min abin da likita ya ce game da ƙullin nan. In za ki sayo kambas ɗin kuma kada ki saya da ƙiyasi, ki tafi da shi da la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, a gwada masa da safar a ƙafa, ki tura yatsa a gaba ki tabbatar akwai sarari.